Gogen Gidan Sinawa

Na ji ƙananan cikinku suna tambayar dalilin da ya sa tsofaffin unguwarmu ta Ka'akiyya suke kiranku 'ya'yan Mai Goge, na kuma ji amsoshin da ake ba su, wasu daidai, wasu da ƙari. Tun da Allah ya bar ni da raina da hankalina, gara ku ji daga bakina.

Ubana makaɗin goge ne a ƙasar Gobir, haka ma ubansa. Ni ma a ciki na tashi, ba na ko tuna ranar da na fara riƙe izga. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san matsayin mai goge: ana nemansa ranar biki, ana yi masa kyauta, amma ba kowa ke haɗa zuri'a da shi ba, ba a kuma sa shi gaba a salla. Da ni da mahaifiyarku Rabi muka taso da ƙafa muka bi ta Sudan, muna tafe muna tsayawa aikin auduga, har muka kai bakin teku. A nan na bar gogena a hannun wani Babarbare. Bayan mun sauke farali muka zauna a Makka ba takarda, kamar yadda Takaru da yawa suka yi, muka kuma yi shawara tsakaninmu cewa ba wanda zai san sana'ar gidanmu. Duk wanda ya tambaya mukan ce manoma ne mu, ba kuwa ƙarya muka yi ba, mun yi noma.

Ɗaukar ruwa na kama. Garwa biyu da sanda a kafaɗa, daga famfon unguwa zuwa gidajen unguwar Misfala, a lokacin da ake ta rushe tsofaffin gidaje ana faɗaɗa Harami. Cikin gidajen da nake kai wa ruwa akwai na wasu Sinawa Musulmi, waɗanda suka baro ƙasarsu sa'ad da mulki ya juya a can, suka biyo ta Indiya suka zo suka zauna. Maigidan sunansa Yunusa, mutum mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana, yana fataucin kwanukan tangaran. Yana da ƙane Ishaƙu, da tsohuwar uwarsu wadda duk gidan ke kira Nainai, wato kaka da harshensu. Larabcinsu gurgu ne, nawa ma haka, sai dai muna fahimtar juna.

Ishaƙu yana da wani abin kiɗa da ya ɗauko tun daga ƙasarsu. Ban taɓa ganinsa ba a shekarun farko, jinsa kawai nake yi ta bayan ƙofa idan ina juye ruwa a randa. Sautinsa kamar na goge ne da aka matse wa maƙogwaro, siriri, mai kuka. Nakan jinkirta juye garwa ta biyu domin in ƙara ji, in fito ina istigfari ban san ko na me nake yi ba. Sai wata shekara, bayan mahajjata sun watse, kiɗan ya ɗauke. Na ji a bakin mai aikin gidan cewa ɓarin jikin Ishaƙu na dama ya shanye.

Wata rana na shiga da ruwa na tarar da ƙofar ɗakin a buɗe. Yunusa na zaune da abin kiɗan a cinyarsa yana gurza shi kamar mai zarto, ƙanensa na kwance yana kallonsa, hawaye na bin gefen fuskarsa. A lokacin na ga abin da idona: ɗan ƙoƙon katako da aka rufe da fatar maciji, doguwar sanda, tsirkiya biyu, izgar kuma a maƙale tsakanin tsirkiyoyin, ba a raba su. Na lura jakin da ke tallafe da tsirkiya ya goce, izgar kuma ta bushe tana neman ƙaro. Niyyata in faɗa masa haka kawai in wuce. Amma da ya miƙo mini, na gyara jakin, na ja izgar sau ɗaya domin in ji ko ya zauna, sai yatsuna suka ci gaba da abin da suka sani. Kafin in farga na yi rabin wani take na gidanmu.

Yunusa ya zaunar da ni, abin da bai taɓa yi ba, ya sa aka kawo shayi. Ya gaya mini cewa a garinsu, gidan ubansu yakan yi walima sau ɗaya a shekara, irin ta mutanen da: a jera abinci kala-kala ɗaya bayan ɗaya, tsakanin kowane kwano da mai bi masa a yi kiɗa da rawa waɗanda aka gada tun daga fadojin sarakunansu na dauri. Ko da suka zo Makka ba su bari ba, sai dai su rufe tagogi su yi a hankali, domin uwarsu ta ce ranar kaɗai take jin tana da gari. Tun da Ishaƙu ya kwanta aka ce mata ba walima bana, sai ta juya fuska bango. Ruwa kawai take kurɓa. Likita ya duba ta bai ga ciwo ba.

"Ba na tilasta ka," in ji shi. "Na san abin da ake yi wa mai kiɗa a garin nan, na kuma san ba ka da iƙama, takardar zama. Amma uwata tana tafiya ina kallo."

Na ɗauki garwata na tafi gida.

Dole ku san halin da gidanmu yake ciki a shekarar. Yayarku Dije ta isa aure, an kuma yi mata baiko da Sale, ɗan Malam Jibrin. Shi Malam Jibrin haifaffen Makka ne, kakanninsa ne suka zo, yana da takardar ɗan ƙasa da shagon kwanuka, ga karatu, har yakan ja salla a masallacin layinsu. A ce ɗan irin wannan gida ya nemi 'yar mai ɗaukar ruwa, mu a wurinmu buɗi ne daga Allah, domin Dije za ta fita daga fargabar kame da tarhil, wato kora zuwa gida, da muka rayu a cikinta. Rabi tana tsintar shinkafa na gaya mata abin da ya faru. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ajiye faifan ta ce ko na manta dalilin da ya sa na bar gogen a bakin teku, ta ce idan masu bulalar hana kiɗa suka kama ni, jirgin Jidda ne makomarmu duka, idan kuwa gidan Malam Jibrin suka ji, shi ke nan an gama da yarinyar.

"Malam, tsohuwar nan ta ci zamaninta," ta ce. "Dije ba ta fara nata ba."

Gaskiya ta faɗa. Na yi kwanaki ina kai ruwa gidan ina sunkuyar da kai, Yunusa bai sake tayar da maganar ba. Wata safiya aka bar ƙofar tsohuwar a buɗe domin iska, na hango ta a kan gado, ta koma kamar ƙullin tsumma. Tawa uwar ta faɗo mini a rai, wadda na baro a Gobir da alkawarin shekara biyu, sai a bakin wani mahajjaci na ji rasuwarta bayan an daɗe da rufe ta. Ba zan ɓoye muku ba, akwai kuma ƙaiƙayin da hannuna ya kama tun ranar da na taɓa izgar nan. Su biyun suka haɗu suka rinjaye ni. Na ce wa Yunusa zan yi, da sharaɗin a sa mini labule, kada baƙo ko ɗaya ya san wanda ke bayansa. Na koma na gaya wa Rabi, domin ban taɓa yin abu a bayan idonta ba. Ta ce Allah ya rufa asiri, daga nan magana tsakaninmu ta koma ta gaisuwa da ajiye kwano.

Koyon bai yi wuya yadda na zata ba. Da rana tsaka, idan gari ya yi zafi kowa ya shige, nakan zauna kusa da gadon Ishaƙu. Shi yana rera taken da hanci yana buga hannun hagu a katifa, ni ina binsa. Idan na kauce sai ya ɓata fuska, idan na dace sai ya lumshe ido. Abin da ya ba ni mamaki, matakan sautinsu ba su da nisa da namu, bambancin shi ne su suna jan sauti su lanƙwasa shi a hankali, mu kuwa muna sassara shi da sauri domin ƙafar mai rawa. Da wannan saurin nawa ya fi yin faɗa. Ya koya mini take na maraba da baƙi, da na 'yan mata masu dogon hannun riga, da na wani jarumi da ya yi bankwana da garinsa.

Ranar walimar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Ta ƙofar baya na shiga, na ratsa ta madafa. Matar Yunusa na tsaye da curin kwaɓaɓɓiyar fulawa, tana ja tana ninkawa tana kaɗawa, curin nan yana rarrabuwa a hannunta har ya zama zaren taliya, ba wuƙa ba inji. Ga tukwanen turara an ɗora bisa juna, ga ƙamshin citta da tafarnuwa da naman rago. Aka zaunar da ni a lungun babban ɗaki bayan wani jan labule mai kauri, aka kwantar da Ishaƙu kusa da ni domin ya riƙa ba ni alama. An rufe tagogi an toshe su da barguna. Ta ɗan tsagin labulen ina ganin teburi mai da'ira, gajere, da matasai kewaye da shi. Aka ɗauko Nainai a kujera aka ajiye ta a wurin girma, cikin baƙar riga mai aikin zare da farin lulluɓi. Sauran matan gidan suna bayan wani asabari. Baƙi suka fara shigowa: tsofaffin Sinawa, wani Babuhare, mutumin Buhara, mai gidan burodi, sai na ƙarshensu, mai farar jallabiya da carbi a hannu. Malam Jibrin ne.

Ban taɓa kawowa a raina cewa masu sana'ar kwanuka biyu za su san juna ba, ga shi kuwa abu ne a fili. Ƙofar madafa tana bayana, taku kaɗan ne in fice. Ishaƙu ya ɗaga yatsa alamar in fara, na dubi tsohuwar da ke zaune ido a rufe, na ja izgar.

An fara da shayi a 'yan kofuna masu murfi, da dabino da busassun 'ya'yan itace da dunƙulen sukari a ciki. Sai ƙananan faranti na kayan sanyi masu tsami. Kowa da tsinkensa biyu na cin abinci, Malam Jibrin da Babuharen aka ba su cokali. Bayan an kwashe, jikokin Yunusa mata biyu, yara ne da ba su kai munzali ba, suka fito cikin riguna masu hannu har ƙasa. Ba irin rawarmu ba ce. Ƙafa ba ta dukan ƙasa, tafiya suke kamar ana jan su a kan ruwa, su wurga hannun rigar sama ya buɗe ya sauko a hankali, su juya su karɓe shi. Nainai ta buɗe ido. Aka kawo ƙullin fulawa mai nama a ciki da aka turara, aka kawo dafaffen rago da ake ci da hannu da gishiri, tsakanin kowanne ina kiɗa. Sai wani dattijo mai farin gemu siriri ya tashi da takobin katako ya yi rawar jarumin, yana ɗaga ƙafa ɗaya ya tsaya cak, ya sauke, ya juya, tsofaffin da ke teburin suna sharar ido ba kunya.

A cikin wannan taken ne aka kawo taliya da romo. Na ga tsohuwar ta miƙa hannu ta ɗauki tsinkenta. Hannun na rawa, taliyar ta zame, ta sake kamawa. Yunusa ya yi kamar zai taimaka mata, ta buge masa hannu. Ta kai baki, ta tauna, ta sake kaiwa. Takensu ya ƙare amma hannuna ya ƙi tsayawa, ya zarce cikin wani sanyayyen take na Gobir da ubana kan yi idan biki ya watse. Ishaƙu bai ɓata fuska ba.

Da aka ci shinkafa mai zaƙi ta rufe walima, sai Nainai ta yi magana da harshensu, muryarta a shaƙe. Yunusa ya zo bakin labule ya raɗa mini cewa al'adarsu ce babbar gida ta ba makaɗi shayi da hannunta, uwarsa kuma ta nace. Ya ce bai manta alkawarinmu ba, idan na fi so zai ce mata makaɗin ya riga ya tafi. Na yi tunanin Dije. Na kuma yi tunanin za ta shiga gidan mutane da wani abu binne a ƙarƙashinta, wanda duk ranar da ya tonu ita za a tuhuma, ba ni ba. Shekarun nan duka ina tafiya a Makka kamar wanda ya saci kansa. Na ajiye gogen, na gyara hulata, na ɗaga labulen.

Tsohuwar ta riƙe kofin da hannu biyu ta miƙo, na durƙusa na karɓa. Malam Jibrin ya dube ni, carbinsa ya tsaya. Na gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa kowa. Da aka yi addu'a ya riga kowa fita.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi tsawon kwanakin da na taɓa gani. Sale, wanda kullum sai ya biyo da yamma ya gaishe mu, ya ɗauke ƙafa. Babuharen nan bai da mugun nufi, amma bakinsa ba ya riƙe magana, kafin wata Juma'ar labari ya kai Ka'akiyya. Ni nake kiran salla a 'yar rumfar da muke taruwa, sai na tarar an ba wani. Abokin da muke cin tuwo tare tun Sudan ya koma gaishe ni daga nesa, har ya rasu ba mu koma kamar da ba. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai in ce masu kame ne. Dije tana kuka a ɓoye. Rabi ba ta ce ai na faɗa maka ba, da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Wata rana da hantsi, ina gyaran igiyar garwa a ƙofar ɗakinmu na kwano, sai ga Malam Jibrin shi kaɗai, da ƙafa. Bai taɓa zuwa ba, aike yake yi. Rabi ta shimfiɗa masa tabarma ta koma bayan ƙyaure, na san tana ji. Bayan gaisuwa ya tambaye ni ko gado ne ko koyo, na ce gado ne, na faɗa masa sunan ubana da na kakana da garin da suka yi kiɗa. Ya ce shi ba zai yi mini ƙarya ba, bai yarda da kiɗa ba, kuma da ya san za a yi da bai je walimar ba. Ya ce 'yar'uwarsa ta rantse ba za ta taka wurin bikin ba, dangi sun rabu biyu, shi ya sa ya hana Sale zuwa har sai ya gama da su.

"Na zauna na duba," ya ce. "Ƙofar baya tana kusa da kai, na gan ta. Ka fito ta gaba. Mutumin da ya yi haka ba zai cuce ni a kan 'yarsa ba. Maganar aure tana nan. Abu ɗaya nake roƙo, kada a yi kiɗa ranar."

Na ce ba za a yi ba. Daga bayan ƙyaure na ji Rabi ta sauke wani dogon numfashi tana hamdala a hankali.

Ya miƙe, na raka shi zuwa bakin layi. A hanya yake gaya mini Yunusa ya ce tsohuwar tana ci har tana faɗan gishiri ya yi kaɗan, shi Yunusan kuma ya yi wa kansa alkawarin zai tsaya mini a kan maganar takarda. Mun kusa rabuwa sai ya rage tafiya, yana kallon ƙasa.

"Wannan na ƙarshen da ka yi," ya ce, "ba na Sinawa ba ne, ko?"

Na ce na Gobir ne.

Sa'an nan ya ce kakarsa ta wajen uwa takan yi shi da hanci idan tana niƙa, yana yaro yana kwance a kusa da ita, bai taɓa sanin daga ina ta samo shi ba, bai kuma sake jinsa ba tun da ta rasu. Ya ce shi bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Ya ja carbinsa, ya ce in gaida mutanen gida, ya tafi.

Na juyo, na zauna a kan wani dutse a gefen hanya. Daga nan na hango Rabi ta fito ƙofa ba ko takalmi, tana ƙwala wa Dije kira ta zo ta ji.